Yadda ake tashi daga Maradi a je St Andrews a buga golf a bakin teku

Tun da na dawo ake tsare ni da tambaya, a majalisa, a kasuwa, har a WhatsApp, wai Alhaji ya aka yi ka shiga filin nan da muke gani a talabijin, ba na sarakuna ba ne da manyan attajirai? To ga amsa zan ba da gaba ɗaya. Filin da nake magana shi ne Old Course na garin St Andrews a Sikotlan, arewacin Birtaniya, inda ake kira gidan golf, ƙwallon lambu kenan. Tsada akwai ta, ba zan ɓoye muku ba. Amma filin na jama'ar gari ne, wata hukuma ce mai suna St Andrews Links Trust take riƙe da shi amana, kuma tun 1552 aka rubuta wa mutanen garin takarda cewa suna da haƙƙin yin wasa a wurin. Duk wanda ya cika sharaɗi ya biya kuɗi zai buga, ko daga Zariya 2 ya fito ko daga Tibiri.

Kafin komai a fahimci irin filin, don nan ne mutane suke kuskure. Ana ce wa irinshi linkis, wato ƙasar rairai da ke tsakanin teku da gonaki, wadda ba ta noma sai dai kiwo. Babu itatuwa, babu inuwa, ƙasa tauri kamar daɓe, ciyawa gajera, tudu da kwari ko'ina, sai iska da ke tasowa daga teku ba ta hutawa. Ni da na tsaya a wurin abin da ya faɗo mini a rai shi ne gulbin Maradi da rani lokacin da hunturu ke kaɗawa, bambancin kawai can kore ne kuma da sanyi mai shiga ƙashi. Mutumin da ya tashi cikin rairai da iska ya riga ya san rabin karatun, saura ya yarda ya yi wasan a ƙasa maimakon ya riƙa cilla ƙwallo sama. Zan dawo kan wannan don shi ne zuciyar maganar.

Mataki na farko a gida ake yin shi, wato handikaf. Lamba ce da ke nuna ƙarfin wasan mutum, in ta yi ƙasa gwani ne, in ta yi sama ɗan koyo ne. Old Course ba sa karɓar wanda lambarshi ta wuce 36, mace ko namiji, kuma suna iya cewa ka nuna shaida kafin ka buga. Mu nan Maradi ba mu da fili, sai mutum ya yi rajista da wani kulob. Akwai filin rairai kusa da Yamai, akwai kuma na Kano da Kaduna da Abuja, kuma Kano ta fi mana kusa in ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Ka tabbata kulob ɗin da ka shiga yana ba da handikaf na hukuma wanda ake karɓa a waje, ka riƙa miƙa katin sakamakonka duk sanda ka yi wasa har lamba ta fito. Wannan ba aikin sati biyu ba ne, ka ba kanka shekara ko fiye. Kuma don Allah kar a nemi a rubuta maka lambar da ba taka ba, filin da kanshi zai tona asiri tun rami na biyu kuma ka tsare mutanen da ke bayanka.

Sai lokacin tafiya. Daga Afrilu zuwa Oktoba ne kakar wasa, Mayu da Yuni da Satumba sun fi mini. A Yuni rana tana fitowa tun wajen ƙarfe 4 da rabi na asuba ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, abin mamaki ga wanda ya saba da magariba ƙarfe 7. Da sanyi kuɗin shiga yana sauka sosai amma yini gajere ne, kuma sai a ba ka wata ƴar tabarmar roba ka riƙa ɗora ƙwallo a kai don kar a lalata ciyawa. Wani abin daɗi, lokacin zafinsu agogonsu da namu na Nijar ɗaya ne, ba sai ka gyara komai ba.

Biza kuma ta Birtaniya ce ake nema, ta baƙo mai ziyara. A kula, bizar Faransa ko ta sauran ƙasashen Shengen ba ta shiga da mutum Birtaniya, da yawa daga cikinmu sun saba da waccan sai su ɗauka duk Turai ɗaya ce. A intanet ake cika takarda, a biya, a zaɓi cibiyar da za a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ana iya nema tun wata 3 kafin tafiya, to ka nema da wuri. Ka haɗa takardun banki na wasu watanni, shaidar kasuwanci ko aiki, inda za ka sauka, da duk abin da ke nuna za ka dawo gida. Kar ka sayi biyen jirgi wanda ba a mayar da kuɗinshi sai biza ta fito.

Hanya dai Edinbura za ka nufa. Ko ka yi doguwar tafiyar nan ta sama da kilomita 600 zuwa Yamai ka tashi daga filin jirgin Diori Hamani, ko ka tashi daga Kano, a canza jirgi a hanya. Ka tambaya ko inda za ka canza jirgin suna neman bizar wucewa. Daga Edinbura ka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Leuchars, kamar awa ɗaya, domin St Andrews ba ta da tashar jirgin ƙasa. Daga nan bas mai lamba 99 ko tasi, ƴan mintuna ka shiga gari. Masauki a cikin garin da zafi yana da tsada ƙwarai, ni a Dundee na sauka wajen ɗan yayana da ke karatu can, bas ɗin nan guda yana kai da kawowa, ga babban masallaci ga shagunan halal. Motocinsu hagu suke bi, in za ka ƙetare titi ka fara duban dama. Ka sayi kan caja irin nasu mai baki uku, na salularka ba zai shiga bangonsu ba.

Yanzu ga inda aikin yake, samun lokacin bugawa. Hanyoyi ne kamar huɗu. Akwai neman wuri tun shekara guda kafin, ana buɗewa wajen ƙarshen daminarmu don baɗi. Akwai kamfanonin da aka ba izini suna sayar da lokaci haɗe da otel, tabbas ne amma kuɗin ya ninka ya sake ninkawa. Ta uku ita ce ƙuri'a, ita na bi kuma ita nake ba mutane shawara. Kuna haɗuwa mutum 2 zuwa 4, ku ba da sunaye da kulob da handikaf na kowa, a intanet ko ta waya ko a ofishinsu, kafin ƙarfe 2 na rana kwana biyu kafin ranar da kuke so. Wato in Alhamis kuke so, Talata za ku shiga. Da la'asar sakamako ya fito. Shiga kyauta ne, in ba ku ci ba gobe ku sake. Ta huɗu ta mai zuwa shi kaɗai ce, da can mutane kwana suke yi a layi cikin sanyi, amma tun 2024 sai ka je da kanka ana gobe ka rubuta suna, a yi ƙuri'a, a aiko maka saƙo in an samu gurbi.

Saboda haka kar ka ware kwana biyu ka ce za ka buga ka juyo. Ka ware sati. Mu sau biyu muna faɗuwa, ran na uku yaron nan ya shigo da salula a hannu yana cewa "Baba, an ɗauke mu, ƙarfe 11 da minti 20 jibi." Kwanakin jira ba asara ba ne, a nan gefe akwai New Course da aka buɗe 1895, da Jubilee na 1897, da Eden na 1914, duk linkis ne na gaske, sun fi araha kuma sun fi sauƙin samu. A kansu za ka koyi iskar garin kafin babbar rana. Kuɗin Old Course a tsakiyar kakar 2025 fam 340 ne mutum ɗaya, ya haura jika 250 na sefa, banda na kadi, mai ɗaukar jakar sanduna.

Ran Lahadi ba a wasa a Old Course sai in babbar gasa ake yi. Ana barin filin ya huta, mutanen gari su shigo da yaransu da karnukansu suna yawo a kai. Ka shirya tafiyarka yadda Lahadi za ta riga ranar wasanka, ka taka filin da ƙafa tun daga rami na 1 har na 18 kyauta, ka leƙa ramukan rairai ka ga zurfinsu da idonka. Wallahi wannan yawon ya fi mini amfani fiye da duk bidiyon da na kalla.

Kaya. Zafinsu bai cika kai digiri 20 ba, mu da muka saba da 40 da ɗoriya a watan Afrilu sanyi ne sosai, balle in iska ta haɗu da yayyafi. Ka sa riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere yadda za ka iya cire ɗaya, da rigar ruwa da wandon ruwa a jaka ko da gari ya waye garau, don sama tana juyawa sau uku kafin ka gama. Hular ulu mai rufe kunne, safar hannu ta ruwa, takalmin golf mai ƙusoshin roba wanda ka riga ka saba da shi. Lema ba ta da wani amfani, iska za ta juye ta. Sanduna doka ta ce kar su wuce 14, in ɗauko naka zai yi wahala ana ba da haya a can. Ƙwallaye ka riƙe kamar dozin.

Ka ɗauki kadi. Shi ne mai ɗaukar jaka, amma aikinshi ya wuce dako nesa, shi ne ɗan jagora. Filin yana da ramukan rairai 112 kuma yawancinsu ba ka ganinsu daga inda kake bugawa, sai ka ga fili shimfiɗe lafiya lau alhali tarko ne a tsakiya. Kadina dattijo ne mai furfura, ya kalli bugu biyu da na yi a wurin gwaji bai ce komai ba, da muka tsaya a rami na 2 sai ya nuna mini wani daji can hagu ya ce nan za ka nufa. Na ga kamar ya kauce hanya, na bi maganarshi, ƙwallo ta sauka ta gangara ta tsaya a wuri mai kyau. Ka nemi kadi tun da ka samu lokaci, kuɗinshi hannu da hannu ake ba shi bayan wasa tare da ɗan alheri a kai, to ka riƙe tsabar fam. Ba a hawa ƴar motar golf a nan sai mai larurar rashin lafiya da takardar likita, kowa da ƙafa yake bin filin, kusan kilomita 6 ne tsawon ramukan kaɗai, awa 4 ana tafe.

Ranar wasa ka iso da awa ɗaya a hannu. Ka kai kanka wajen mai sallamar ƴan wasa da shaidar handikaf da paspo, ka gaisa da waɗanda aka haɗa ku. Bayanka ga ginin R&A, kulob ɗin da ya samo asali tun 1754, gefe ga mutane sun jingina da shinge suna kallo, gabanka zai faɗi, kowa haka yake ji. Ka yi bismilla ka tuna filin rami na 1 haɗe yake da na 18, faɗinshi ya wuce mita 100, ka nufi hagu kawai. Bugu na biyu ne ke da haɗari don akwai ƴar ƙorama mai suna Swilcan a bakin girin, wato shimfiɗar lallausar ciyawa inda ramin yake. Nan kaɗai zan ce ka ɗaga ƙwallo sama kuma ka ƙara sanda, wato ka ɗauki mai kai nisa, gara ta wuce da ta faɗa ruwa.

Daga nan sai wasan ƙasa. In iska tana fuskantarka, zuciya za ta ce ka ƙara ƙarfi, kar ka yarda. Bugu mai ƙarfi yana sa ƙwallo juyawa da yawa, ta hau sama kamar shirwa, iska ta tsayar da ita ta yar gefe. Abin yi shi ne ka ɗauki sanda mai kai nisa fiye da wadda ka saba, lamba ɗaya ko biyu ko ma uku, ka riƙe ta ƙasa kaɗan, ka ja ƙwallo baya wajen ƙafar dama in kai na-dama ne, nauyinka a ƙafar gaba, ka buga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka kuma kar hannu ya tashi sama bayan bugu. Za ta fita ƙasa-ƙasa ta huda iska. In kuma iska tana bayanka, ka sauke ƙwallo tun kafin girin, mita 20 ko 30, ka bar ta ta yi tsalle ta gangara da kanta, don in ta sauka kan girin ɗin wucewa za ta yi. Kusa da girin kuwa ka manta da sandar nan mai cilla ƙwallo sama, ƙasar ta yi tauri, ƙarfen zai yi tsalle ya sare ƙwallo a ciki. Ka ɗauki sanda lamba 7 ko 8 ka tura ta kamar mai shara, ko ka ɗauki sandar gangarawa tun daga nesa, ko mita 30 ne ba abin kunya ba ne, ƴan garin haka suke yi. Kana iya koyon wannan tun a gida, ka samu fako mai tauri bayan gari lokacin hunturu ka yi ta buga ƙwallo ƙasa-ƙasa cikin iska.

Ramukan rairai nasu ba irin na talabijin ɗin Amurka ba ne masu faɗi. Ƙanana ne masu zurfi kamar bakin rijiya, bangon gabansu an jera shi da yankakkiyar ciyawa ɗaya kan ɗaya kamar ginin tubali, a tsaye cak. Ana cewa asalinsu tumaki ne ke tonawa suna fakewa daga iska. In ka faɗa, buri ɗaya gare ka, fita. Ko gefe, ko baya ma. Kar sandarka ta taɓa rairai kafin bugu, doka ta hana. Ka buɗe fuskar sanda, ka daki rairai ɗan bayan ƙwallo, ka bi da hannu har ƙarshe. A babbar gasar golf ta Open ta 1978 Tommy Nakajima na Japan sai da ya yi bugu 4 kafin ya fita daga ramin rairai da ke rami na 17. Tiger Woods kuwa da ya ci gasar a 2000, kwana huɗu yana wasa bai shiga ko ɗaya ba, kuma wannan ya isa ya nuna maka cewa kauce musu shi ne dabarar. Haka ƙayar nan mai furen rawaya da ke gefen dama, in ƙwallo ta shiga ka bar ta, minti 3 doka ta ba ka na nema, ka buga wata.

Wani abin da ke rikita baƙo, girin 7 a filin na tarayya ne, ramuka biyu a kan shimfiɗa guda, kuma in ka haɗa lambobinsu 18 suke bayarwa, 2 da 16, 3 da 15, har 8 da 10. Ramuka na 1 da 9 da 17 da 18 ne kawai ke da nasu su kaɗai. Farar tuta ta masu fita ce, wato ramuka 9 na farko, ja ta masu dawowa, sai ta 18 da take fara. Ka tambayi kadi wace ce taka kafin ka buga. Girman wasu har ka yi gangarawar mita 40, a nan ka nemi kusantar rami kawai. In ƙwallonka ta nufi mutane ka ɗaga murya ka ce "fo", in ka ji an faɗa ka duƙa ka rufe kai. Kar ka taka layin ƙwallon wani, ka yi shiru in ana bugu, kuma ka kasance a shirye in layi ya zo kanka.

Rami na 11 gajere ne amma mugu, bakin kogin Eden yana bayanshi, iska tana dukanka kai tsaye. A nan Bobby Jones na Amurka ya fusata ya bar gasar Open a 1921, ya dawo ya ci ta a 1927, daga baya a 1958 garin ya karrama shi ya zama ɗan gari. Na 14 yana da ramin rairai da suke kira Hell, wato jahannama, sunan ya isa gargaɗi, ka bi ta hagu ka zagaye shi. Na 17 shi ne wanda duniya ta sani. Kana tsaye ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka, sai ka buga ta saman kusurwar ginin otel, kadi zai nuna maka harafin da za ka nufa a jikin bango. Girin ɗin siriri ne, ramin rairai mai zurfi a hagu, titi da katanga a baya, kuma in ƙwallo ta hau titin daga nan za ka buga ta. Bugu 4 aka ƙayyade mishi, kai ka shirya 5 tun farko, ka ajiye na biyu a gaba ta dama, ka gangara da na uku. Ni haka na yi kuma na fita da 5 raina fes.

Salla ba ta da wahala in ka tsara. Da zafi lokacin azahar yana da faɗi, ka duba jadawalin masallacin Dundee ka daidaita da lokacin wasanka. Alƙibla a can kudu maso gabas take, kar ka fuskanci inda ka saba a gida, ka duba salula. Abinci kuwa kifi da dankali ne ya fi sauƙi, amma ka tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya da kuma irin man da aka soya. Al'adarsu bayan wasa a zauna a sha wani abu tare, ka zauna da su ka ce shayi, babu wanda zai kalle ka.

A rami na 18 bayan ka buga za ka haye ƴar gadar dutse ta Swilcan, wadda ake cewa ta haura shekara 700, makiyaya ne ke ƙetarewa da dabbobi a kanta. A kanta shahararren ɗan golf Jack Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana a 2005. Ka ba kadi salula ya ɗauke ku hoto, da sauri don akwai na baya. Akwai titi da ya ratsa filin, ka jira masu wucewa. Gaban girin akwai kwari mai haɗiye ƙwallo, to ka ƙara sanda ɗaya ka kai ta can ciki. In ka jefa ta ƙarshe ka cire hula, ka ba abokan wasa hannu, ka ba kadi hannu ka sallame shi a nan gefen shinge, ka sa katin sakamakonka cikin paspo don kar ruwa ya jiƙa shi. In da sauran rana, ka gangara rairayin West Sands da ke nan dab da filin ka cire takalmi ka taɓa ruwan tekun, sannan ka nufi tashar bas.